Kaburbura Bakwai a Gindin Katanga

Kawuna ne ya kawo ni ƙasar nan, kuma ni na sa shi cikin rami da hannuna. Yana kwance a wani ƙauye arewa da Lyon, in ka wuce Rillieux ka shiga ƙasar tafkuna da gonakin masara. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, don ba mutanensa ne suka fi ɓata mini rai ba. Su bakwai ne a wurin, duk mutanenmu, a kusurwa guda ta maƙabartar Nasara. Ni ba mai rubutu ba ne, aji uku na yi a lakwal, makarantar boko, aka cire ni. Amma na gaji da jin masu manyan takardu suna magana kamar su suka fara taka ƙasar nan, shi ya sa na zauna na rubuta abin da na sani.

Tun kafin a haifi yawancinsu akwai Hausawa a wannan ƙauye. Wani kamfani ne a can mai gasa tuil, jan yumɓun nan da Nasara ke rufin gida da shi. Aikin laka ne da wuta. Ka haƙo laka cikin sanyi har yatsunka su daina jin komai, ka tura ta, a buga ta, ka jera cikin tanda, ka fiddo ta da zafinta. Ƴaƴan ƙauyen sun gudu birni sun bar aikin, sai aka nemo baƙi. Wanda ya fara zuwa wani dogon mutum ne daga wajen Damagaram. Shi ya jawo na biyu, na biyu ya jawo ƙanensa, a haka har suka kai goma sha wani abu. Da wasa suka fara ce mishi Maigari, sunan ya bi shi har kabari. Wani dogon gida suke zaune bayan kamfanin, ɗaki huɗu, murhu ɗaya. Matansu duka suna gida. Kowanensu cewa yake shekara uku zai yi ya koma.

Kawu ya ba ni labarin mutuwar farko ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ciwon ƙirji ne ya kama ɗaya daga cikinsu a tsakiyar sanyi, kwana shida ya cika. Gawar ta yi kusan mako biyu cikin firijin asibiti, don a lokacin talaka ko tunanin sa gawa a jirgi bai yi. Ba su san inda za su kai shi ba. Maigari ya ɗora babbar rigarsa bisa suwaita biyu, ya tafi wajen magajin garin ƙauyen, ya zauna a benci tun safe har aka gaji da ganinsa. Wasu mutanen ƙauye suka ce ba a haɗa su da baƙi ko a ƙarƙashin ƙasa. Ƙarshe dai aka ba su kusurwar da ake zubar da busassun furanni da fasassun tukwane, can gindin katanga. Da hannunsu suka kwashe bolar. Suka haɗa ƙarfi suka sayi wurin da sunan Maigari, don shi kaɗai ya iya sa hannu, sauran dangwale suke yi. Takardar ta ce wurin nasu ne har abada. Kawu in ya zo nan sai ya ɗaga yatsa ya maimaita, har abada fa aka rubuta.

Kaburburan Nasara a jere suke, kamar motoci a wurin ajiya. Namu sun karkace, don alƙibla ba ta bi katanga ba. Mai haƙa na ƙauyen ya yi ta masifa, ya ce an ɓata mishi layi, suka karɓi shebur suka yi da kansu. Doka ta ce dole sai cikin akwati. Sai suka riƙa zuba ƙasa cikin akwatin, daidai inda kuncin dama zai kwanta, don mutum ya taɓa ƙasa ko yaya.

A ƙauyenmu in an rufe mutum, fasasshen tulu ake kafawa a wajen kai, ko guntun icce. Nan ba tulu, tuil ke akwai. Suka kewaye kowane kabari da tuil a tsaye. A wajen kai kuma suka kafa guda ɗaya wanda aka rubuta wa suna da ajami, da tsinin ƙusa, tun lakar tana ɗanya, aka sa shi tanda tare da kayan kamfani ya gasu. Sunan mutum, sunan ubansa, sunan garinsu. Ba aya, ba ado, ba komai bayan wannan.

Na iso ina ɗan shekara ashirin da ƴan kai, na tarar da kaburbura uku. A shekarata ta biyu Maigari ya rasu. Da aka ji kamfani zai rufe, tsofaffi uku da suka san ba sauran komawa gida, kowa ya rubuta nashi tuil ya sa a gashin ƙarshe. Kawu yana cikinsu. Muka koma Rillieux, hawa na tara, ni na shiga aikin gini, shi ya zauna da tari. Tuil ɗin nan yana ƙarƙashin gadonsa shekara da shekaru, naɗe cikin tawul. Wata rana ina share ɗakin na jawo shi, ya ce, “Mai da shi, ɗan banza, ba yau ba. In na mutu kada ka tsaya neman mai rubutu, ga shi nan na rage maka aiki.”

Shi ne na bakwai, kuma na ƙarshe. Ya roƙa tun yana da rai a sa shi kusa da Maigari, aka bar mishi wurin. Wurin ya matse, tsakanin akwatin biyu bai fi tafin hannu biyu ba, na gani da idona don ina cikin ramin. Bayansa mutanenmu suka koma aika gawa gida, ko kai ta babbar maƙabarta kusa da birni inda aka ware wa Musulmi fili. Ba a sake haƙa rami a kusurwar nan ba. Ni kaɗai nake zuwa, sau ɗaya a shekara, bayan babbar salla. In cire ciyawa, in yi musu addu'a, in kamo kar, wato bas ɗin yamma.

Sai wani injiniya ya shigo cikin maganar. Karatu ya kawo shi Villeurbanne, nan gefen Lyon, ya gama, ya samu aiki, ya zauna. Yana da Larabci a baki, shi ke ja mana salla a ɗan ɗakin da muke taruwa. Ban da wani abin faɗi game da karatunsa. Wata Juma'a na ba da labarin tsofaffin nan, ya ce ai wajibi ne a je ziyara. Wallahi na ji daɗi. Na ce yau dai an tuna da su. Ran Lahadi muka tafi mota biyu, shi da abokansa shida, duk masu aikin ofis. Har burodi da kaza na saya musu.

Muna shiga ya tsaya, ya sa hannu a baya, ya daɗe yana kallon tuil ɗin.

Ya ce, “Baba, wannan fa bai halatta ba.”

Na ce, “Wanne, Malam?”

“Rubutu a kan kabari. Da wannan kewayen. Gini ne ai.”

Na ce, “Malam, waɗanda suka yi shi ba jahilai ba ne. Maigari ya sauke Alƙur'ani tun ba a haife ka ba.”

Ya yi murmushi irin na likita da majinyaci. “Allah ya gafarta musu, Baba, iya saninsu ke nan. Amma mu da muka sani, in muka bari, a wuyanmu yake.”

Ya fiddo wayar salula ya karanto Larabci mai tsawo, ya fassara da Faransanci, abokansa suna gyaɗa kai. Ni ban da abin da zan karanto. Allona bai yi nisa ba, lakwal ɗina aji uku. Na tsaya tsakiyarsu da hular sanyi da takalmin shantiye, na wurin aikin gini, na ji kamar ni ne na zo da kuskuren daga gida. Na yi shiru. Shirun nan shi ne laifina, kuma ba wanda zan ɗora wa shi.

Suka fara tumɓukewa. Hannuwansu ba na aiki ba ne, ɗaya ya yanke yatsa tun a na biyu, ya koma mota. Aka loda tuil a buruwet, baron maƙabarta, ba wanda ya iya tura ta cikin tsakuwa, sai juyewa take. To wa ya iya? Ni. Ni na tura ta, sawu biyar, zuwa babban akwatin ƙarfen da ake zuba ɓaraguzai a bakin ƙofa. Na kawu na ɗauka a hannu daban. Na so in cusa shi cikin rigar sanyi, na ɗago kai na ga Malam yana kallona. Na jefa shi. Na ji ƙararsa a ƙasan ƙarfen. Suka baje tudun kaburburan da ƙafa, wai sun yi tsawo. Aka yi addu'a, aka ci kazata, aka jeru aka ɗauki hoto. Daga ranar har yau ko ɗaya cikinsu bai sake taka wurin ba. Ko ɗaya.

Ƙasar can ba irin tamu ba ce. Ruwa ne wata tara. Da aka cire abin da ke riƙe ƙasa, cikin shekara uku wurin ya shafe, ya zama fili kawai. Ƙayar da ke bin katanga ta sauko ta rufe rabi. Ina cirewa tana dawowa. Sai gwiwata ta hagu ta gama, aka yi mini aiki, shekara biyu ban je ba.

Ran da na koma da sanda, na tarar da wani ɗan allo fari kafe a tsakiyar ƙayar, da hatimin meri, ofishin magajin gari, a jiki. Na haɗa baƙaƙen a hankali, na gane dai kira ne, ana neman iyalan masu wurin. Ko addu'a ban tsaya yi ba, na nufi meri.

Sakatariyar wata mace ce mai kamar shekaruna, da tabarau rataye a wuya. Ba muguwa ba ce, wannan zan faɗa. Ta jawo dosiye, fayil ɗin wurin, ta shimfiɗa mini hotuna: ƙaya, ciyawa, wata robar ruwa da iska ta kawo. Ta ce an rubuta wurin cikin waɗanda aka yasar. In wa'adi ya cika ba abin da ya sake, meri za ta karɓe shi. Za a tone, a tattara ƙasusuwa cikin ƙananan akwatuna, a kai ramin gayya inda ake tara na duk wanda ba shi da kowa. Wani lokaci ma ƙonawa ake yi, in ba wanda ya hana.

Na ce, “Madam, takardarsu ta ce har abada.”

Ta ce, “Haka ne. In ana kula da wurin.”

“Ana kula. Ni nake zuwa. Addu'a nake musu.”

Ta cire tabarau ta dube ni. Ta ce, “Na yarda da kai. Amma ni abin da ke cikin hoton nan aka ce in rubuta. Da can akwai jan tuil kewaye da su, ina yarinya ina gani in mun zo wajen kakata. Ina suka tafi?”

Me zan ce? In ce ni na tura buruwet?

Ta ce wa'adin zai cika cikin kaka, watan da suke bikin matattunsu. Hanya mafi sauƙi, magajin wanda sunansa ke kan takarda ya rubuto cewa yana nan, kuma zai gyara.

Na fara zuwa wajen Malam. Na same shi bayan la'asar yana ɗaure igiyar takalmi. Na faɗa mishi komai. Ya ja salati, ya ce abin ba daɗi, ya ce ƙasar kafirai ke nan. Na ce ba kafirai suka cire tuil ba. Ya ce, “Baba, mu gaskiya muka bi, sakamako na Allah ne. Mamaci aikinsa ke tare da shi, ba ƙashinsa ba.” Ya ce za a kafa kwamiti. An kafa. An buɗe musu zaure a salula, aka yi kwana huɗu ana turo addu'o'i da hoton hannu biyu a ɗage, daga nan wani ya turo tallar haya, magana ta mutu.

Maigari yana da ɗa guda, wanda aka haifa a gida. Ya yi karatu mai zurfi, yana aiki a ɗaya daga manyan ofisoshin duniya da ke Paris. Wani ɗan garinmu mai sai da kaya a Porte de la Chapelle ya samo mini lambarsa. Mako uku ina tura saƙon murya kafin ya ba ni randebu, ranar da zan gan shi. Na hau kar mai araha, awa shida da gwiwa a naɗe, na kwana bisa tabarma a ɗakin ɗan garin namu, da safe na sa rigata ta salla na shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa.

A wani gidan shan kafe kusa da aikinsa muka haɗu. Tsawon ubansa ne da shi, har kunnuwan. Ya gaishe ni da ladabi amma a gajarce, ya ce mini Alhaji, ban gyara mishi ba. Na ba shi labari tun daga bolar furanni har ɗan allon meri. Tuil ne kawai na tsallake. Ya saurara, bai katse ni ba.

Ya ce, “Alhaji, na gode ƙwarai da ka zo. A gaskiya meri sun rubuto mini tun bara.”

Na ce, “Tun bara? Ka amsa?”

“Ban amsa ba. Da gangan.” Ya juya cokali cikin kofi. “Sau uku na ga mahaifina a rayuwata. Hajiya tana Zinder, ta tsufa, kullum maganarta ke nan, a kawo mata shi kusa. Na tambayi masana. In na bari wa'adin ya cika, meri da kanta za ta buɗe wurin, ni kuma in karɓi nawa in kai shi gida. C'est plus simple, ya fi sauƙi.”

“Sauran shidan fa?”

“Suna da iyalansu ai.”

Na ce, “Ba su da kowa. Ukun farko ko garinsu ba wanda ya sani yanzu. Ni ne iyalansu, ga ni gabanka da sanda.”

Ya ce ya fahimta. Na ce bai fahimta ba. Na ce mutanen nan da babanka suka ci tuwo a kwano ɗaya shekara ashirin, su suka wanke shi, su suka ɗauke shi a kafaɗa cikin ƙanƙara. Sunansa aka sa a takarda don ya iya riƙe alƙalami, ba don shi kaɗai ya sayi wurin ba. Yanzu kai za ka zare naka ka bar su a kwashe da shebur kamar ɓaraguzan shantiye? Muryata ta hau, mutanen teburin kusa suka juyo.

Ya rage murya ya ce, “Alhaji, doucement, a hankali. Ba da kai nake ba. Kai ma kana iya neman kawunka ka kai shi gida.”

“Kawuna bai ce a kai shi gida ba. Cewa ya yi a sa shi kusa da ubanka.”

Ya dubi agogo. Ya ce yana da taro. Ya miƙo mini hannu biyu, ya ce a gaida iyali. Layi biyu nake nema a takarda, layi biyu kawai, ban samu ba.

Cikin kar ɗin komowa na zagi kowa a zuciyata. Na zagi Malam, na zagi mai taro, na zagi dokar da ke auna kula da mamaci da tsawon ciyawa. Wajen rabin hanya zagin ya ƙare, sai ni kaɗai na rage. Shekara talatin ina zuba siminti a gidajen mutanen da ban sani ba. Na ce to, wannan karon na zuba wa nawa.

Na koma wajen sakatariya na tambaye ta, in wani ya gyara ba magaji ba fa? Ta ɗaga kafaɗa. Ta ce ranar dubawa abin da ido ya gani shi za a rubuta, ba a tambayar wa ya riƙe shebur.

Asabar tara na yi. Wani abokin aikina Baturke ya kai mini siminti da tsakuwa cikin motarsa, bai tambaye ni dalili ba. Na sare ƙaya, na tone saiwarta, hannuna duk ya tsage. Na san inda kowa yake ko ba alama, don huɗu da ni aka rufe su, ukun farko kuma shekaru na yi ina durƙusa a gabansu. Na ja igiya, na kafa katako, na zuba ɗan bakin siminti kewaye da kowane ɗaya, tsawon yatsa huɗu. Na baza farar tsakuwa a kai. A wani tsohon gida da muke rushewa na tsinto tuil bakwai masu lafiya, na kafa a wajen kai. Ba rubutu. Ban iya ajami irin nasu ba, gasasshen yumɓu kuma ba ya karɓar ƙusa. Ukun farko ma sunan wasa kawai na sani, sunayensu na yanka suna jikin abin da na zubar. Da gwiwa ɗaya na yi aikin nan, in na durƙusa sai na kama katanga nake tashi.

Asabar ta ƙarshe sakatariya ta biyo a kan kekenta. Ta zagaya, ta ce ya yi kyau. Har ta juya sai ta dawo. Ta ce ranar da za a duba, duk maƙabartar za ta cika da furanni saboda bikinsu, kusurwar nan kaɗai za ta zama ba komai, magajin gari kuma sabo ne, bai san al'adarku ba. Ba ta ce in saya ba. Ta dai faɗa ta hau kekenta.

Na saya. Tukunya bakwai na rawayan fure, daga babban kanti. Na jera su cikin kwali biyu na shiga kar da su. Wata tsohuwar Banasara ta dube ni ta yi murmushin tausayi, ta matsa mini wuri. Ni ɗan Musulmi, da furfura a gemu, rungume da furen matattu kamar mai zuwa biko. Kunya da haushi suka haɗu mini, ban san wanda ya fi ba. Da na ajiye na kawu na ce mishi, “Ka yi haƙuri, ba don kai ba ne, don hoto ne.”

Na sanar a masallaci ranar da za a duba, na ce ko mutum biyu su zo a ga muna da jama'a. Ranar Talata ce, kowa yana aiki. Ni ma ina aiki, na ajiye. Magajin gari ya zo da sakatariya da wani mai ɗaukar hoto. Bai yi minti biyar ba. Ya ce ai wannan ba yasasshen wuri ba ne, ya tumɓuke ɗan allon da kansa. Aka rubuta sunana a matsayin mai kula da wurin, na sa hannu. Sakatariya ta ce in tuna, in ya sake lalacewa za a sake kafa allon.

Ban san wa ya kai labarin furen ba. Juma'ar da ta biyo na ji ana ƙus-ƙus, wai Baba ya koma kai wa matattu fure, wai ya yi gini a kan kabari. Wajen takalma Malam ya tare ni, ya ce yana son mu zauna ya yi mini nasiha. Na ce, “Malam, nasiharka ta farko Asabar tara ta ci mini da buhun siminti shida. Ta biyu ka riƙe ta, ba ni da gwiwar ɗauka.” Wasu suka yi dariya, wasu suka ce na yi wa malami rashin kunya. Ina bin shi salla har yanzu, don ba wani ɗakin kusa.

Bayan wata biyu salula ta yi ƙara ina kan shantiye. Ɗan Maigari ne. Wannan karon gaisuwar ta yi tsawo, har da tambayar gwiwa. Ya ce ya ji abin da na yi, Allah ya saka. Tunda meri ba za ta buɗe wurin ba, shi zai nemi izinin tone mahaifinsa da kansa. Sai dai sun ce ya nuna wane kabari ne cikin bakwai. Littafinsu fili ɗaya ya nuna da suna ɗaya, ba zane, ba lamba, kuma ba za su bari a yi ta buɗewa ana dubawa ba.

Ya ce, “Sun ce kai kaɗai ka sani, Alhaji.”

Na tuna tafin hannu biyun da ke tsakanin akwatunan. Na san yadda ake tonon nan, da ƙaramin injin haƙa suke zuwa, kuma katakon da ya shekara ashirin cikin wannan laka ba ya jure ko girgiza. In aka buɗe Maigari, an buɗe kawu.

Na ce, “Na manta.”

Ya ce, “Alhaji, kai ka ja igiya ka zuba siminti.”

“Na ja. Amma wane ne wane, na manta. Da akwai rubutu a kai, an cire. In kana so in ba ka lambar malamin da ya sa aka cire, ka tambaye shi.”

Ya ce, “Hajiya ta haura tamanin. Ba ta da lokaci mai yawa.”

Wannan ta shige ni, ba zan ɓoye ba. Tsohuwar nan ba ta yi mini komai ba. An ɗauke mata miji tana yarinya, an ce shekara uku, ba a maido mata ko ƙashinsa ba. Tana da hakki, na sani. Ban ce ina da gaskiya ba, kuma ƙarya na yi, ƙarya ce tsagwaronta, na san ranar da za a tambaye ni ita. Na san kabarin kamar yadda na san ƙofar ɗakina. Ba a jera su bisa wanda ya riga wani mutuwa ba, don haka lissafi ba zai fidda shi ba, kuma ba zan rubuta shi a nan ba. Ko matata ban gaya wa ba.

Na ce mishi in Hajiya tana so, duk zuwan da na yi zan tsaya in isar da gaisuwarta, in kira ta a salula ta yi addu'arta daga can ina riƙe da wayar a wurin. Ya ce ba abin da ta roƙa ke nan ba. Na ce shi ke gare ni.

Ya sake kira sau biyu cikin makon. Ban ɗauka ba.